Ƙarin albashi, kamar yadda na gan shi a Ƙaraye da Rogo

Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, sun iso Ƙaraye a farkon 1975, zamanin Gowon, har da ariyas na watannin baya. Ina ɗan firamare a lokacin. Malamanmu da ke zuwa a ƙafa sai ga su kan sababbin kekuna Raleigh, wani da rediyo rataye a kafaɗa, wani ya ƙara aure kafin damina. Mahaifina mai awo ne. Bai taɓa karɓar albashin kowa ba, amma cikin makon nan ya ƙara wa kwanon dawa kuɗi, don shi ma dillali ya ƙara masa. Manomi da ɗan dako da mai wankau duk suka sayi hatsi a farashin Udoji ba tare da sun ga Udoji ba.

Da na kama koyarwa a wani ƙauyen Rogo, mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, wanda Shagari ya sa wa hannu a 1981 bayan yajin aikin da Hassan Sunmonu ya jagoranta. Ba ƙaramin kuɗi ba ne a wancan zamani: masinja kan sayi buhun hatsi, ya ɗinka wa iyali, ya rage na adashi. Daga baya lambobi suka yi ta kumbura, 18,000 a 2011, 30,000 a 2019 (a Kano Ganduje ya ɗora 600 a kai), sai 70,000 a 2024, wanda Abba Kabir Yusuf ya mayar 71,000. A daminar shekarar buhun masara ya haura wannan adadi, litar fetur kuma ta wuce 1,000 kafin sabon albashin ya shiga aljihun kowa. Rediyo na sanarwa da safe, mai shago na buɗe littafin bashi da yamma yana cewa, "Malam, an ce an yi muku ƙari."

Ban raina ƙarin ba. Albashi ɗaya a wajenmu gida uku yake ci. In ya shigo, mai nama da tela da mai ƙosai duk sun shaida. Sai dai masu albashin 'yan ƙalilan ne. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta tsame ƙwadagon gona na kaka da damina. To wa ya rage a Rogo? Masu noman rani a bakin madatsar Challawa da yaran da ke yankan shinkafa, yinin su ciniki ne tsakaninsu da mai gona, babu ruwan Abuja.

Wata ɗalibata mai NCE tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, abin da ake ba ta ko rabin tsohon mafi ƙarancin bai kai ba. Da na ce ta yi magana, sai ta ce, "Baba, akwai goma a bakin ƙofa da takardunsu." Mai makarantar ma na san shi. Ya ce in ya biya 71,000 sai ya ninka kuɗin makaranta, iyaye su kwashe yaransu. Zangon da ya biyo baya ya sallami malamai biyu, ya haɗe aji uku da aji huɗu, ya damƙa mata duka, ya ƙara mata ɗan abin hawa babur.