Waƙoƙin Turawa uku da makaɗa ba sa gajiya da su

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, yau ba zancen sufabaiza ko kuɗin makaranta zan yi ba. Zancen kiɗa ne. Da yawanmu muna jin pop da rock da iyafis lokacin karatun dare, amma da an taru sai mu yi kamar ba mu san su ba, wai kar a ce ɗan gidan mutunci ya lalace a Ibadan. Ni dai ina ji, kuma zama hostel ɗaya da yaran da ke kaɗa jita ya sa na lura da wani abu: waƙoƙin da makaɗa ke mutuwar so ba lallai ne masu tashe ba. Su suna son waƙar da in ka tuɓe mata kwalliya za ta tsaya da ƙafarta.

Ta farko a wajena ita ce Sultans of Swing ta Dire Straits, 1978. Mark Knopfler da yatsunsa yake kaɗa jita, ba ya amfani da ɗan robar nan da sauran ke riƙewa, shi ya sa kowace tsirkiya ke fita kamar tana magana. Labarin waƙar ma na makaɗa ne: wasu mutane suna wasa a wata mashaya a kudancin Landan, babu 'yan kallo sai tsiraru, amma ba su rage komai ba. Duk wanda ya taɓa yin aiki babu mai yabawa zai gane wannan. Kuma ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Bombino, Buzun Agadas ɗin nan, da kallon bidiyon Knopfler da Jimi Hendrix ya goge hannunsa.

Ta biyu We Will Rock You ta Queen, 1977. Buga ƙafa biyu, tafi ɗaya, sai murya. Jita ba ta shigowa sai dab da ƙarshe. Wallahi in ka rufe ido kamar gaɗar 'yan mata a dandali, kowa na wurin ya zama makaɗi. Wanda ya rubuta ta, Brian May, shi da mahaifinsa suka haɗa jitarsa a gida da tsohon katakon murhu. Ya ajiye digirin digirgir ɗinsa a ilimin taurari saboda kiɗa, sai a 2007 ya koma ya kammala, bayan sama da shekara 30. To kai da ke kuka don mastas ta ci maka shekara uku, ka yi haƙuri.

Ta uku Billie Jean ta Michael Jackson, daga faifan Thriller na 1982. Mu rawar muke kallo. Makaɗa kuwa kiɗan ƙasan nan mai kauri suke saurare, wanda ke ta maimaita kansa ba ya gundura. Wani maƙwabcina mai kaɗa bas ya ce da ita yake gwada sabon yaro: sautukan kaɗan ne, amma riƙe su minti biyar ba tare da gudu ko lafawa ba, nan ake gane gwani.

Abin da ya haɗa ukun nan shi ne ƙarancin kaya da yawan gwaninta. Mu kuwa ai mun san wannan tun kafin mu ji Turanci. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau ga shi yana cika wuraren wasa a Amurka.

Shi ya sa nake jin zafi in wani a nan ya yi mamaki wai Bahaushe ya san Queen, na kuma fi jin zafi in mu da kanmu muka raina makaɗanmu na gida. Kunnen da ya tashi da kalangu da gurmi ba ya buƙatar a koya masa sauraro.

Wacce waƙa ce ke raka ku rubutun babi na huɗu? Allah ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya.