Hanyar Bilma: Inda Taurari Ke Jan Ayari

Kantun gishirin da makiyayi yake saye a kasuwar Damagaram ko ta Maraɗi ya sha tafiya. Daga Bilma ya fito, can cikin Kawar. Kowace shekara, idan damana ta wuce, wajen watan Oktoba, Buzayen Abzin suna ɗaure wa raƙuma kaya. Suna ɗaukar hatsi, su kai wa Barebarin Fashi da na Bilma, su komo da gishiri da dabino.

Tsakanin duwatsun Abzin da Bilma akwai Tenere, kusan kilomita 500 na rairayi. Babu gari sai Fashi. Babu kiwo, shi ya sa ake ɗora wa raƙuma dammunan ciyawa tun daga gida. A da akwai wani icce guda tak a bakin wata rijiya, matafiya suka mai da shi alama. Mota ta kaɓe shi a shekara ta 1973. Gungumensa yana gidan tarihi na Yamai, an kafa na ƙarfe a wurinsa. Sawun raƙumi kuwa ba ya kwana, iska take shafe shi. Ayarin da ya kuskure rijiya ya shiga uku, don ruwan salka a ƙidaye yake.

To, da me madugu yake gane hanya? Da rana yana duban inuwa da kwanciyar tudun rairayi. Da dare sai ya ɗaga kai.

Akwai tauraro guda a arewa wanda ba ya gusawa. Ba shi da haske ƙwarai, amma duk sauran suna kewaya shi. Mai zuwa Bilma gabas ya nufa, saboda haka yana barin tauraron nan a kafaɗarsa ta hagu. In zai komo, sai ya bar shi a dama. Kusa da shi akwai taurari 7 masu haske, Buzaye suna ce musu Talamt, wato taguwa. Biyu na bakin gaba su ne manuni. A duba tazarar da ke tsakaninsu, a ƙara irinta sau 5, sai a faɗa kan tauraron arewa. Sai dai a watan Oktoba taguwar tana ɓoye da farkon dare, ba ta fitowa sosai sai dare ya raba.

Kafin nan gabas ta riga ta ba da nata alamu. Bayan isha'i Kaza da ƴaƴanta take fitowa. Can wajen ƙarfe 11 sai Amanar, wanda ma'anar sunansa ita ce jagora. Yana da taurari 3 a jere a tsakiyarsa, kuma daidai gabas suke ɓullowa. Madugu ya san ba a bin tauraro guda har safe. In ya hau bisa, ya daina nuna hanya, sai a kama wani da ya fito bayansa.

Manomi ma ya san Kaza. Tana ɓacewa cikin bazara, wajen watan Mayu. In ta sake bayyana da asuba a watan Yuni, lokacin shuka ya gabato. Dalili shi ne kowane dare taurari suna riga fitowarsu ta jiya da minti 4, wato awa 2 a wata.

Ba sai an je Tenere ba kafin a koya. A fita bayan gari ran da babu farin wata, a kashe fitila, a dakata ido ya saba da duhu. A miƙa hannu, a dunƙule shi. A Maraɗi tauraron arewa yana bisa ƙasa da dunƙule ɗaya da ɗan ƙari. A Bilma ya kusa dunƙule 2. Wanda ya sami aron madubin hangen nesa, ko da ƙarami ne na ido biyu, ya fara da Kaza. Ido yana ganin ƴaƴa 6 ko 7, madubi yana nuna gommai. Amma kada a kuskura a dubi rana da shi, yana makantar da mutum.

Yau manyan motoci suna ɗaukar gishiri, direbobi suna da na'urar GPS, ayari kuma ya ragu. Masu raƙuman da suka saura suna tafiya tun safe har tsakar dare ba zango, a bisa tafiya suke shan furarsu da shayinsu.