Kiɗan Ranar Jiha a Haɗejia

Agusta ba watan biki ba ne a ƙasar Haɗejia. Watan marka ne, lokacin da kogi ke cika ya malala cikin fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri, gero ya fid da kai amma bai nuna ba, rumbu kuwa ya kusa ƙarewa. A cikinsa ne, ranar 27 ga Agusta, 1991, Janar Ibrahim Badamasi Babangida ya yanke mu daga Kano ya ba mu Jigawa, tare da wasu sababbin jihohi takwas, har da maƙwabciyarmu Yobe. Da an nemi shawarar manoma, da sun ce a jira kaka.

Da guntun fushi muka karɓi kyautar. Mutanenmu sun daɗe suna neman jiha, kuma ba su taɓa kawowa a ransu wani gari zai zama hedikwata ba in ba Haɗejia, garin Sarki Buhari, ba. Sai ga rediyo ta ce Dutse. Kawuna, mai sayar da busasshen kifi, ya kashe rediyon ya tura ƙarƙashin gado, ya ce shi da jiha sai a lahira. Da shekara ta zagayo, zamanin Gwamna Ali Sa'ad Birnin Kudu, aka ce za a yi wasa don tunawa da ranar. Babban taro yana Dutse, namu ɗan ƙarami ne na cikin gari. Kawu ya ce ko da kuɗi ba za shi ba. Kalangu na ratsowa ta bayan gida sai ga shi yana lalubar hularsa.

"Kawu, ba kun ce babu ruwanku ba?"

"Kai yaro, kiɗa zan je ji. Wa ya ce maka jiha zan gani?"

Jawaban safe ba su zauna mini a kai ba. Abin da na riƙe shi ne 'yan makaranta da suka yi maci cikin taɓo, fararen kayansu suka koma ruwan ƙasa tun kafin a zagaya fili sau ɗaya, da kuma busar kakaki da algaita daga wajen fada, lokacin Mai Martaba Abubakar Maje Haruna na kan karaga. Ainihin ranar sai bayan la'asar take farawa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya gauraya da hayaƙin tarwaɗa da karfasa, ga masu gasa sabuwar masara suna fifita garwashi da murfin kwano. Mutanen ƙauye da ruwa ya yanke wa hanya sun tsallako a kwalekwale, wandunansu a nannaɗe har gwiwa, takalma a hannu.

Babu dandamali, babu tikiti. Kowane makaɗi da da'irarsa, kai kuma ka bi inda kunnenka ya ja ka. Nan 'yan kalangu, can wani tsoho da gurminsa, gefe guda mata sun kifa ƙwarya cikin ruwa suna amada, Inna da Gwaggo sun yi ɗamara da mayafi sun manta da cewa mu 'ya'yansu muna kallo. 'Yan kama suna sanye da rawanin tsumma, suna wa'azi irin na malamai amma duk a kan tuwo da miya, har wani liman da ya tsaya don ya tsawata ya ɓuge da rufe baki da hannun riga. 'Yan tauri na goga wuƙa a ciki. Gardi ya zo da kurarsa a ɗaure da sarƙa, ƙanwata ta shige bayan zanen Inna tana leƙowa da ido ɗaya. Mai ƙwandala ya liƙa ƙwandala. Wanda ya zaro 'yar Murtala, takardar naira 20, maroƙi zai bi asalinsa har kakan kakansa, ya ƙara masa da wasu kakannin da shi kansa bai san da su ba.

Kowace shekara sai an baza jita-jitar cewa Shata na hanya. Wani ya rantse ya ga motarsa a Malam Madori, wani ya ce a'a, ta maƙale a laka. Mu dai ba mu damu sosai ba, don muna da namu. Haruna Uji ɗan garin nan ne, kuma ko ba ya gari muryarsa da gurminsa na fita daga kaset a shagon tela da teburin mai shayi. Bahaɗeje in ya ji wannan gurmi yakan gyara zama ya dubi baƙo, kamar shi ya ɗaura wa kayan tsirkiya.

Sai hadari. Daga gabas yake haɗowa, baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga rumfuna. Makaɗa ne ke fara gudu, ba don jikinsu ba, don fatar ganga in ta sha ruwa muryarta ta mutu. Za ka ga ƙato ya cusa kalangu cikin riga, ya rungume shi yana sheƙa gudu. In ruwa ya ɗauke sai su kewaye wutar mai tsire suna gasa fatun, suna ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa har sauti ya dawo, mai tsire na mita an tare masa ciniki. Da dare a kafa majigi, janareta na tari, ƙwarin damina na rufe hasken, sauron fadama na karɓar nasa rabon. Ba na jin akwai wanda ya taɓa kallon fim ɗin har ƙarshe.

Amma zamani ya juya, kogin ma ya sauya hali. Dam ɗin Tiga yana nan tun 1974, na Challawa ya biyo baya a 1992, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliyar da a da ake jira don shinkafa da kifi ta zama abin fargaba. A 2020 da 2022, ƙarshen damina ya sami samarin garin a kan jinga, suna jera buhunan ƙasa cikin dare. Wa zai yi maganar kalangu a irin wannan hali? Shata ya rasu a 1999, Haruna Uji ma ya bi sahu, gardawa sun yi wuyar gani. Yanzu ranar takan zo da jawabin gwamna a rediyo da gaisuwar taya murna a Facebook, in an yi taro kuma a kira mai fiyano da manyan lasifikoki. Ba laifi, yara na rawarsu, kuma ruwa ba ya kashe wa fiyano murya sai dai in wuta ta ɗauke.

Ɗan autana bai san an taɓa kiranmu Kanawa ba, dariya yake yi in na faɗa. Kwanan baya ya nemo mini Haruna Uji a wayarsa, muka saurara tare a zaure. Da aka gama ya ce, "Baba, gaskiya mutumin nan ya iya jita." Na buɗe baki zan yi masa bayanin gurmi, sai wayar ta yi ƙara, abokinsa ne, ya miƙe ya fita da ita.