Rijiyar Kusugu Da Lissafin Ƙarshen Shekara

Uwargida, idan Allah Ya kai ki Daura ta Jihar Katsina, kada ki baro garin ba ki leƙa rijiyar Kusugu ba. Tana cikin tsohon gari, an gina mata ɗaki an killace ta. Za a zura guga a ɗebo miki ki sha, har ki cika gora ki kai wa yara tsaraba.

Labarin da aka gada ya ce a zamanin Sarauniya Daurama wani maciji mai suna Sarki ne ya tare rijiyar, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya kashe shi. Mu mata mun fi kowa sanin nauyin wannan. Abin da aka ɗiba rana ɗaya, da shi za a yi girki, a yi wanki, a yi wa jariri wanka, kwana bakwai cur. Mai jego fa, yaya za ta yi?

To, ki tsaya bakin rijiyar ki yi lissafin shekarar nan. Sau nawa randarki ta kwana da ruwa, ko na famfo ko na 'yan garuwa? Tsadar kaya ta taɓa kowa, amma damina ta sauka, an ci sabon gero, yara sun ƙara tsawo. Sai mu ce Alhamdu lillahi.

Amma godiya ba ta tsaya a baki ba. Ki duba maƙwabciyar da jarka ɗaya ke gagararta, ki aika mata.