Ladan Yaron Kanti

A bakin kasuwar Yekuwa, cikin gundumar Magariya, akwai wani ɗan kanti da ake sayar da sabulu, man shafawa, turare da magungunan ciwon kai da zazzaɓi. Mai kantin bai cika zama ba. Wanda jama'a suka sani shi ne yaronsa, wani saurayi da ya baro karatu daga kwaleji, yana buɗewa da sassafe, ba ya rufewa sai bayan lisha.

In aka tambaye shi albashinsa, murmushi yakan yi. Maigidan kawunsa ne, ba a kuwa ciniki da kawu. Tsarin daɗaɗɗe ne a ƙasar Hausa: maigida ya ci da yaro, ya ɗinka masa kayan salla, ya tsaya masa ranar aure, in shekaru sun cika ya sallame shi da jari. Ba a rubuce yake ba, amma kunya da zumunci sun daɗe suna tsaron sa.

Doka kuwa da lissafinta. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya zauna kan sefa 30.047 tun 2012, sai ranar 1 ga Janairun 2024 aka ɗaga shi zuwa 42.000. A hayin iyaka, Najeriya ta ɗaga nata daga naira 30.000 zuwa 70.000 cikin watan Yulin 2024. A farmasin birni, inda ma'aikaci ke da takardar ɗauka da rajista a asusun CNSS, ƙarin yakan shiga littafin mai shago. A Yekuwa, a rediyo aka ji shi, a nan ya tsaya.

Duk da haka, riƙon yaro ya yi tsada ta wata ƙofa. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka yi wuya, ciyarwa ta zama aiki. Naira, wadda kasuwannin bakin iyaka suka saba da ita, ta faɗi, jarin da ake wa yaro alkawari ya riƙa narkewa tun bai zo hannu ba. Ga tsararrakinsa suna dawowa daga Aljeriya, ko daga haƙar zinariyar arewa da ta buɗe tun gano ta Jado a 2014, wasu da babur, wasu da labari kawai.

Wata rana ya sunkuyar da kai ya ce, “Kawu, bana dai a duba ni.”

“Yi haƙuri, ɗana. Kasuwa ce ba ta ci.”

Dukansu gaskiya suka faɗa. Sai dai akwai mutum na uku da ba a yi shawara da shi ba: matar da za ta zo da damina, goye da yaro jikinsa zafi rau. Saurayin nan, da ɗan Faransancin da ya tsira da shi daga aji, yana iya karanta ranar lalacewar magani a jikin kwali, yana bambanta awon babba da na jinjiri, ya kuma san lokacin da zai ce, “Inna, wannan ya fi ƙarfina, ku tafi likita.” Wannan sani shi ne mafi daraja cikin kantin, shi ne kuma ba a taɓa yi wa kuɗi ba.

Ya ce in an gama girbi zai tafi. Kawu ya riga ya sa ido kan wani ɗan ƙanensa mai shekara 12, wanda ba zai nemi komai ba sai tuwo. Bai iya karatu ba tukuna.