Ras Muhammad: Ranar da na kusa taka kifin dutse

Tun ina yaro nake ganin murjani a wuyan kakata a Katsina, ja wur, amma ban taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba. Sai a hutun da ya wuce, lokacin da ni da abokan karatuna bakwai muka tashi daga Alƙahira, inda muke jami'a, muka nufi Ras Muhammad. Cikin dare muka shiga mota, muka bi ta ƙarƙashin mashigin Suwez, gari ya waye mana a Sharm el-Sheikh.

Ras Muhammad shi ne ƙarshen kudancin yankin Sinai, inda ƙasa ta tsuke ta shige Bahar Maliya. A shekarar 1983 Masar ta keɓe shi, ya zama wurin farko da ta killace don kare halittu. A tudu babu komai sai yashi da duwatsu da rana mai ƙuna. Har na fara tunanin kuɗin motata ya tafi a banza.

Jagoranmu, wani dattijo Bamisire, ya raba mana rigunan da ke hana nutsewa, da gilashin ido, da bututun numfashi. Ya ce, "Ya ku 'ya'yana, doka ɗaya ce: a kalla da ido, ban da taɓawa, ban da takawa."

Da na tsoma fuskata a ruwa sai na manta ban iya iyo ba. Murjani ne shimfiɗe, wani kamar rassan bishiya, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa. Ashe ba dutse ba ne, ƙananan dabbobi ne da ke gina wa kansu gida mai tauri, ɗaya a kan ɗaya, tsawon dubban shekaru. Jan murjanin da ake yin abin wuya da shi danginsu ne, amma galibi daga Bahar Rum ake samo shi. Kifaye kuwa, Bahar Maliya na da fiye da iri 1,000, kuma na ga kamar duk a nan suka taru: rawaya, shuɗi, kore, mai zane, mai ɗigo.

Tambayar da ta fara zo mini ita ce: a wurin da babba ke cin ƙarami, me ya sa kifi zai yi irin wannan ado? Ai kamar ɓarawo ne ya sa farar riga cikin dare. Sannu a hankali na gane kowane launi a nan aiki yake yi.

Ku ɗauki kifin malam-buɗe-littafi. Da yawansu suna da baƙin zane da ya ratsa ta kan ido ya ɓoye shi, wasu kuma suna da baƙin ɗigo kusa da wutsiya mai kama da ido. Mafarauci zai iya rikicewa ya kai hari ta baya, shi kuwa kifin ya tsere ta gaba. Akwai kuma jajayen kifaye masu manyan idanu da ke laɓewa a ƙarƙashin murjani da rana. A hannu za ka ce kowa zai hango su. Amma ruwa yana shanye jan haske kafin a kai zurfin mita 10, don haka a can ƙasa ja yana komawa duhu-duhu, ya saje da inuwa.

Wani kuma so yake a gan shi. Kifin zaki yana yawo a hankali da zanen ja da fari, ya baje ƙayoyinsa masu dafi. Launinsa gargaɗi ne, kuma masu hankali suna ba shi hanya.

Gwanin su duka shi ne wata halitta mai hannuwa takwas da Larabawa ke kira akhɗabuɗ. Sai da jagora ya nuna mini sau uku kafin na gan ta. A fatarta akwai dubban ƙananan jakunkunan launi da take buɗewa ko tsukewa, ta sauya kama cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, har ta yi ƙuraje irin na dutsen da ta hau. Hawainiyarmu ta gida ɗaliba ce a gabanta.

Da na gaji, na matsa inda ruwa bai kai ƙirji ba, na hango wani dutse mai gansakuka, na miƙa ƙafa zan tsaya a kai. Sai na ji an fizgo rigata ta baya. Dattijon ya nuna da yatsa. Na ƙura ido, sai dutsen ya motsa baki. Kifin dutse ne, wanda ake lissafa shi a sahun gaba cikin kifaye masu dafi a duniya, da ƙayoyi 13 a gadon bayansa. Yakan kwanta shiru har ƙaramin kifi ya zo wucewa ya haɗiye shi. Da na sauke ƙafar nan, da a asibiti hutuna ya ƙare. Na fito gaɓa gwiwoyina na rawa.

A hanyar dawowa ne na fahimci cewa duk wannan dabara ta dogara ga murjanin kansa. Launinsa yana fitowa ne daga wasu ƙananan tsirrai da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi. Idan ruwa ya ɗara zafin da ya saba da kamar digiri ɗaya na tsawon makonni, murjani yakan kore su ya koma fari fat, kuma idan abin ya daɗe ya mutu. Haka ya faru a babban shingen murjani na Ostareliya a 2016 da 2017. Masana sun gano murjanin arewacin Bahar Maliya ya fi yawancin sauran jure zafi, amma ƙafar mai yawon buɗe ido ɗaya tana iya karya abin da ya yi shekaru yana girma. Idan bangon ya koma fari, ina kifin da launinsa ya dace da shi zai ɓuya?

Ƙannena, idan Allah ya kai ku bakin teku wata rana, ku tuna da dokar dattijon nan. Ni dai na ajiye hotunan a waya, zan nuna wa kakata dangin abin wuyanta.