Daga Mallawa zuwa Tafadak: tafiyar masu ciwon ƙashi

A ƙasar Mallawa da Dungas ruwa ba abin mamaki ba ne. Ga fadamu, ga tabkuna, akwai ma wuraren da mai ginar rijiya ba ya wuce gaba uku ya tarar da shi. Amma ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse da zafinsa, ba wuta ba itace, wannan kam sai an niƙi gari an nufi Abzin. Sunan wurin Tafadak, kimanin kilometir 80 arewa da Agadas, cikin gundumar Cirozerin. Daga Mallawa tafiyar ta haura kilometir 600.

Mai karatu na iya tambaya: ina manomin bakin iyakar Nijeriya ya san wata maɓuɓɓuga a tsakiyar duwatsun Buzaye? A ganina ayari ne ya kawo labarin. Tun kaka da kakanni Abzinawa kan gangaro kudu da kantun gishirin Bilma da dabino, su yi rani a gonakinmu, raƙuma na cin kara suna barin taki, sa'an nan su ɗauki hatsi su koma. Wanda ya yi wata uku a gonarka, ai ba gishiri kaɗai zai bar maka ba.

Mun bi ta Damagaram, muka ratsa Damargu, muka wuce Tanut da Adarbisanat. Ba zan tsawaita a kan hanyar ba, duk wanda ya taɓa binta ya san yadda itatuwa ke raguwa har ido ya gaji da fili. A Agadas, inda hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 ke tarbar baƙo tun daga nesa, muka sami kat-kat mai zuwa wani ƙauye na arewa. Mai motar ya gaya mana gaskiya: hanyarsa ba ta kai Tafadak ba, zai sauke mu a bakin wata ƙorama, sauran mu ƙarasa da ƙafa.

Mu bakwai muka sauka da asuba, cikin hunturu, sanyi na ratsa ƙashi. A nan na lura da wani dattijo, mutumin wani ƙauye kusa da Mallawa, wanda gwiwoyinsa suka kumbura har ba ya iya durƙuson salla. Jikansa na riƙe da bidon ruwa da ƙunshin gari. Na ce masa: "Baba, wannan tafiya ta fi ƙarfinka." Ya ce: "Yaro, rago na sayar na zo. In na koma daga nan, me zan ce wa ragon?" Wani Buzu da muka ɗauka ja-gaba ya samo masa jaki a wani zango.

Tafiyar ƙafa a Abzin ba irin ta rairayinmu ba ce. Ƙoramar busasshiya ce, yashinta na cinye sawu, in ka hau gefe kuma tsakuwa baƙa ta yanke maka takalmi. Goriba da aduwa da ƙandili na bin gaɓar, bayansu sai duwatsu tsirara, wasu jajaye, wasu baƙaƙe ƙirin kamar an ƙone su. Kafin hantsi mun tuɓe barguna, kafin azahar mun soma lissafin ruwan bido. Ja-gabanmu bai faye magana ba. Sau ɗaya ya tsaya ya nuna mana tarkacen ƙirare da ya maƙale a reshen itace, sama da kan mutum, ya ce nan ruwa ya kai da damina. Wanda ya kwana cikin ƙorama a watan Agusta don ya ga sama garau, ruwan da aka yi can kan duwatsu na iya iske shi cikin barci.

Da la'asar muka isa. Wanda ya zo da tsammanin ganin wani tabki mai hayaƙi, zai sha mamakin ƙanƙantar wurin. Ƴan ɗakuna ne da rumfuna, da mutane zaune a inuwa, kowa da ciwonsa: masu sanyin ƙashi, masu ciwon baya, masu ƙaiƙayi da ƙyasbi. Ka ji Tamajak nan, ka ji Hausar Katsina can, ga Zabarmanci. Maza ba su haɗuwa da mata wajen wanka. Ruwan kuwa zafinsa ya zarce na jikin mutum, wato digiri 37, nesa ba kusa ba. Sai ka sa ƙafa ka janye, ka sake sawa, kafin jiki ya yarda.

Ba aljanu ke hura masa wuta ba. Ruwan sama ne ke nutsewa ta tsagar duwatsu zuwa can ƙasa, inda zafi ke ƙaruwa da kimanin digiri 3 a kowace mita 100, sa'an nan ya sami wata tsaga ya hauro da sauri kafin ya huce. Zafin na sassauta jijiyoyi, yana sa jini gudana, ciwo ya lafa, mutum ya sami barci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shekara bai runtsa ba. To amma gaɓar da ta riga ta cinye ba ta sake tohowa don an jiƙa ta, kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya da ya daɗe cikin irin wannan ruwa na iya suma. Kwana uku na yi a wurin, ban ga an auna jinin kowa ba kafin ya shiga.

A shekarun 1980, lokacin da tseren motocin Paris-Dakar ke ratsa Agadas, Turawa masu yawon buɗe ido sun cika Abzin. Tawayen da ya biyo bayan 1990 ya kore su, suka dawo bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995, tawayen 2007 da nakiyoyinsa ya sake korarsu, satar mutane a Arlit a 2010 ta ƙarasa. An yi ta rubutu a shafukan Faransanci kan asarar da otel-otel suka yi. Ban taɓa karanta layi guda a kan waɗannan baƙi na kudu ba, masu zuwa da kuɗin rago da na gyaɗa, waɗanda ba su buƙatar biza, ba su kuma neman komi sai mota mai kai su bakin ruwa, da inuwa, da ma'aikacin lafiya guda da abin awon jini.

Ran da zan taso, na iske dattijon nan ya idar da sallar asuba. Ya yi ruku'u, sujada kuwa har yanzu a zaune. Ya ce shi sai ya cika kwana bakwai. Ya ba ni saƙo in kai gida: a sayar da ɗayan ragon, a aiko da kuɗin mota ta hannun wani ɗan garinsu mai sayar da goro a kasuwar Agadas.